Jinjirin da Malam Ma'aruf Ya Gani

A Tudun Gawo, wani ƙauye a ƙasar Zango, idan aka ce an ga wata ba a tambayar wa ya gani. Kowa ya san Malam Ma'aruf ne. Tun yana saurayi yake hawa tudun da ke bayan filin Idi duk ranar ashirin da tara ga wata, ya fuskanci yamma, ya kare girarsa da tafin hannu. In ya ce ya gani, Maigari ya sanar da Hakimi. In ya ce bai gani ba, mata su koma su jiƙa geron sahur. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Gonarsa 'yar ƙarama ce, ba shi da saniya ko ɗaya, wannan suna shi ne dukiyarsa.

'Yarsa Zulfa a kan tudun nan ta tashi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata. Tun tana 'yar mitsitsiya yake ɗora ta a wuya ya nuna mata taurarin Kaza da 'ya'yanta, ya nuna mata Zara, tauraruwar nan mai haske da ke riga sauran fitowa da yamma. Da ta girma ta yi karatu har ta zama malamar kimiyya a makarantar 'yan mata a Zango, son kallon sama bai bar ta ba. Wata rana ta je kasuwar Kongolam, ta tarar da madubin hangen taurari a cikin kayan gwanjo, wani farin bututu mai ƙafa uku, ta saye shi ta ɗauro a bayan babur. Mutanen gari suka sa masa suna bindigar Zulfa. Mata suka ce yarinyar da idonta ke sama ba za ta ga manemi a ƙofar gida ba. Ta ji, amma ba ta fasa ba.

Malam Ma'aruf bai hana ta ba, amma bai taɓa yarda ya leƙa ba.

"Idon da Allah ya ba ni ya ishe ni," in ji shi.

Sai dai idon ya daina isarsa. Yanar ido ta fara rufe shi a hankali. Zulfa ta ga yana zuba ruwa gefen moɗa. Ta ga yana gaida mutum da sunan wani. Azumin bara ma wani matashi ne ya riga shi ganin wata, shi kuwa ya ɗaga kai inda ake nunawa ya ce ƙwarai, ga shi can, alhali yatsarsa na nuna wani wuri daban. Zulfa ta sani, mahaifiyarta Inna Larai ta sani, amma a gidan ba mai furta maganar. Sau ɗaya Zulfa ta ambaci asibitin ido, ya kwana biyu bai amsa gaisuwarta ba.

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Ana wuni kamar a bakin murhu, tsofaffi na jiƙa rawani su ɗora a ka. Da aka kai ashirin da tara, babu wanda ba ya roƙon Allah ya sa gobe Sallah. Da safe Zulfa ta durƙusa ta gaida mahaifinta a ƙofar turaka.

"Baba, yau fa ba za a ga wata ba. Na duba lissafin, kusan tare zai faɗi da rana."

"A ina kika duba?"

"A waya."

"Wayar ce ta halicce shi?" Ya yi 'yar dariya. "Uwata ke nan. Ki bari mu hau tudu tukuna."

Da la'asar sakaliya maza suka fara taruwa a kan tudu, kowa da gorar ruwansa da dabino a aljihu. Zulfa ta kafa bindigarta can gefe, kusa da gawon da ya ba garin suna. Tunda ta san babu wata, ba ta ɓata lokacin nemansa ba. Zara ta saita. Makonni ke nan tana bibiyar ta, domin a cikin madubin Zara ba ɗigon haske ba ce. Tana da siffa, tana cika tana raguwa kamar wata, kuma a 'yan kwanakin nan ta rame ta koma siririn lauje mai ƙaho biyu. Da ido ba mai iya ganin haka. Zulfa ta sha son nuna wa mahaifinta, ya sha ƙi.

Rana ta faɗi, ladan ya yi kira. Inna Larai ta ƙwala mata kira daga gindin tudu, tana ɗauke da kwanon kunu da ƙosai. Zulfa ta bar madubin yadda yake ta gangara. Ta karɓi kwanon ke nan, ko juyowa ba ta gama yi ba, ta ji muryar mahaifinta.

"Allahu akbar! Ga shi! Ga jinjiri!"

Ta ɗaga kai. Yana sunkuye a kan bindigarta, ya ɗora ido a bakin madubin. Ya faki idon mutane ne suna shan ruwa, ya lallaɓa ya leƙa abin da ya rantse ba zai leƙa ba.

Kafin ta hau, Munzali mahauci, maƙwabcinsu, ya ture mutane ya leƙa shi ma.

"Wallahi shi ne! Ga ƙaho, ga ƙaho! Gobe Sallah!"

Tudu ya kaure da kabbara. Kowa na son ya leƙa, aka yi ta turereniya har wani ya bangaji ƙafar madubin ya karkace. Ba wanda ya damu. Mutum biyu sun gani, ɗayansu kuma Malam Ma'aruf ne.

Zulfa ta kutsa har ta isa gare shi. Ta daɗe ba ta ga fuskarsa haka ba. Hawaye ne a idonsa. Ya kama hannunta a gaban jama'a, abin da bai yi ba tun tana yarinya.

"Uwata, ashe bindigar nan taki mai albarka ce. Tangaran na gan shi, kamar a zamanin ƙuruciyata."

"Baba," ta ce a hankali, "Zara ce."

"Me?"

"Abin da ka gani Zara ce. Ni na saita ta."

Ko bai ji ba ne, ko ya ji ya ƙi ji, ba ta sani ba. Munzali ya ja shi, aka yi sallar magariba a gurguje, aka nufi ƙofar Maigari. A cikin gari har an fara guɗa. Wani ya ɗauko ganga.

Inna Larai ta riƙe mata gyale a gindin tudu. Zulfa ta gaya mata Zara ce aka gani, ita kuwa ta san 'yarta ba ta wasa da irin wannan.

"Ina za ki?"

"Gidan Maigari."

"Ba za ki ba. Ki bari na sama su bincika, ai ba a karɓar magana haka kawai."

"Inna, in suka karɓa fa? Mutane su ci abinci da rana tsaka a cikin Ramadan, saboda abin da na kafa da hannuna? In kuma suka ƙi, za su turo a titsiye shi, a nuna masa yatsu a tambaye shi nawa ne. Wanne kika zaɓar masa?"

"Ubanki ne, Zulfa. Ba shi da komai sai wannan."

"Na sani."

"Kin sani, kuma za ki?"

Zulfa ta zare gyalenta a hankali. Ko ruwa ba ta sha ba tukuna. Ta tafi.

Zauren Maigari ya cika har waje. Maigari na zaune a kan buzu, waya a hannunsa, yana jiran Liman Audi ya gama sauraron shaidu kafin ya kira Hakimi. Liman tsoho ne mai sanyin magana. Ya riga ya ji na Malam Ma'aruf, yana kan na Munzali. Mace ba ta shiga zauren nan sai an kira ta. Zulfa ta cire takalmi ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Ta sake yi da ƙarfi, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Kada a kira Hakimi."

Duk aka juyo ana kallonta.

"'Yar wa ce wannan?" in ji Maigari, ko da yake ya san ta.

"Malamar taurari ce," in ji Munzali. "Ta zo karɓar tukuicin bindigarta. Malama, ki bari gobe, ƙafar saniya taki ce."

Aka yi dariya. Zulfa ba ta dube shi ba, Liman ta duba.

"Allah gafarta Malam, ba wata aka gani ba. Zara ce. A cikin madubin nan haka take fitowa, da ƙaho biyu kamar jinjiri. Ni na saita shi a kanta na sauka karɓo kunu."

"Zara da ƙaho?" Munzali ya tafa hannu. "Jama'a, kun ji boko! Shekarata hamsin ina ganin Zara, ko kunne ban taɓa ganin mata ba, balle ƙaho. To ni ma makaho ne?"

Kalmar ta faɗo tsakiyar zaure kamar dutse. Munzali bai nufi kowa da ita ba, amma idanu da yawa suka juya wajen Malam Ma'aruf. Yana zaune ya haɗe hannuwa a kan sandarsa.

"Malam Ma'aruf," in ji Liman, "da idonka ka gan shi, ko a cikin abin yarinyar?"

"Na ga wata."

"Na ji. Amma da ka ɗago daga madubin, ka sake ganinsa a sama?"

Malam Ma'aruf ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda muryar 'yarsa ta fito, amma kallonsa ya sauka a kan ginshiƙin da ke gefenta. Kowa ya ga haka.

"Ke," ya ce. "A gaban mutane kike ƙaryata ni?"

Ke. Tunda aka haife ta bai taɓa ce mata ke ita kaɗai ba.

"Baba, ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da ka gani ka faɗa. Sai dai ba wata ba ne." Ta juya wajen Liman. "Allah gafarta Malam, jinjirin farko ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana, Baba ne ya koya mini haka. In wata ne, yanzu ya faɗi. In Zara ce, tana nan. A zo a duba."

Liman ya ɗan ja carbi. Can ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a dakata da wayar. Azumin mutane ba abin gaggawa ba ne."

Suka koma tudu, Liman da Munzali da ayarin masu son ganin ƙwaƙwaf. Gab da kiran lisha ake, Zara ta yi ƙasa amma tana nan tana walƙiya. Zulfa ta miƙar da ƙafar madubin, ta saita. Liman ya cire tabarau ya leƙa. Ya daɗe. Ya ɗago ya bi tsawon bututun da ido har zuwa tauraruwar, ya sake sunkuyawa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce. "Munzali, zo. Wannan ka gani?"

Munzali ya leƙa ya ɗago da sauri.

"Ya yi kama. Amma ai ta juya bindigar, kowa ya ga ta juya ta. Ɗazu ba nan take kallo ba."

"Ku kuka bangaje ta," in ji Zulfa.

"To wa ya san inda take kallo da farko? Ke kaɗai."

Liman ya mai da tabaransa.

"Shaidar da shakka ta shiga ba a aika ta. A je a yi asham. Gobe azumi, sai in labari ya zo daga wani wuri."

Labari bai zo ba. Rediyo ta ce ba a ga wata ko'ina ba, za a cika talatin. Amma a Tudun Gawo wannan bai wanke Zulfa ba. Cewa aka yi da an aika nasu da an karɓa.

Ranar talatin ta fi duk sauran zafi. Gidaje da yawa sun riga sun yanka kaji tun da aka ji ganga, sai soya su aka yi ta yi don kada su lalace. Zulfa ta fita ɗebo ruwa, ta gaida mata a bakin famfo, ba wadda ta amsa. Wata mai lalle ɗanye a ƙafa ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfi yadda za a ji, Allah ya raba mu da haihuwar da za ta tona mana asiri a zaure. Zulfa ta jira layi ya zo kanta, ta cika jarkarta, ta ɗauka ba ta sunkuyar da kai ba. Mutum ɗaya ne ya yi mata magana a hanya, Mahdi tela, daga bayan kekensa da tulin ɗinkin da bai gama ba.

"Malama, Allah ya yi miki albarka! Da yau Sallah, da yanzu ina Nijar ina gudun hijira."

Ta so ta yi dariya, abin bai zo ba.

A gida Malam Ma'aruf bai fito daga turaka ba, ko masallaci bai je ba. Ta durƙusa a ƙofa ta gaishe shi da safe, ta sake da azahar. Tana jin numfashinsa a ciki. Inna Larai na tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Kin yi gaskiya," in ji ta. "Sai ki dafa ta mu ci."

Zulfa ta shiga ɗaki ta zauna kusa da madubin. Ta yi tunanin kwance shi ta tura ƙarƙashin gado. Ta yi tunanin jiya, ko da akwai wata hanya, ko da ta ja Liman gefe, ko da ta fi ɗaga murya a kan tudu tun kafin a kai zaure. Ta juya abin ta kowace fuska, ba ta sami inda mahaifinta zai fita da sunansa cikakke ba. Amma ba ta sami inda za ta ce da ta yi shiru ba.

Da yamma ta saɓa madubin a kafaɗa.

"Yau ma?" in ji Inna Larai. "Ba ki da kunya ne?"

"Ban yi sata ba, Inna."

Rana na faɗuwa jinjiri ya bayyana, fes, ba sai an nema ba. Zara na sama da shi kaɗan. Zulfa ta ɗauka ko yanzu za a bar ta ta huta. Sai ta ji muryar Munzali.

"Ku dubi girmansa! Ku dubi inda ya kai! Wannan na jiya ne, wallahi kwanansa biyu. Yarinyar nan ta sa mu azumi ranar Sallah!"

Aka yi ta na'am. Ta buɗe baki za ta ce watan da aka cika wa talatin dole ya fito da girma haka, sai ta ga ba mai kallonta da niyyar ji. Ta rufe bakinta. Aka watse ana kabbara, aka bar ta ita kaɗai da gawo.

Ta sha ruwa, ta yi sallah a gefe. Tana sallamewa ta ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Malam Ma'aruf ne ke hawowa shi kaɗai, yana laluben hanyar da ya yi shekaru yana bi ba tare da ya dubi ƙasa ba. Ta miƙe za ta tare shi, ta fasa. Ya iso ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya kare gira da hannu, ya daɗe yana duban yamma.

"An ce ya fito," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

"Ya fito, Baba."

"An ce babba ne, ko yaro ya gan shi."

"Haka ne."

Ya sauke hannunsa.

"Ni hayaƙi nake gani."

Ta saita madubin a kan wata, ta ja baya.

"Yana ciki, in kana so."

Ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Can ya matso ya laluba bakin madubin da yatsa, ya sunkuya. Haske ya cika masa ido, babban lauje mai gefe kamar an gutsura.

"Wannan wata ne," ya ce a hankali. "Ba shi na gani jiya ba. Nuna mini na jiya."

Ta ɗaga bututun kaɗan ta saita Zara. Ya leƙa. Ƙaramin lauje, fari tas, da ƙahonsa biyu. Ya daɗe a sunkuye har ta ji tsoron bayansa.

"Shekara nawa ina nuna wa mutane ita," ya ce, "ban san haka take ba."

"Baba, ka faɗa wa Munzali. Suna cewa na sa su azumi ranar Sallah."

"Maganata ai kin kashe ta jiya. Wa zai saurare ni?"

Abin ya soke ta, amma ba ta ba da haƙuri ba. Shi ma bai nema ba. Daga cikin gari ganga ta tashi, wannan karon ta gaske.

"Ba zan ƙara hawa tudun nan ba," in ji shi. Ya juya zai gangara, sandarsa ta zame a kan tsakuwa, ya tsaya cak. Duhu ya fara sauka, hanyar ta ɓace masa. Ya miƙa hannu gefe, ba tare da ya kira ta da kowane suna ba.

Zulfa ta naɗe ƙafafun madubin ta saɓa a kafaɗar hagu, ta ba shi ta dama. Suka fara sauka a hankali. A gindin tudu akwai mutane zaune a ƙofar masallaci, kuma dole ta gabansu za su wuce. Ta ji yatsunsa sun ƙara matse kafaɗarta. Ta gyara zaman madubin, ta ɗaga kai, ta ce masa akwai dutse a gabansa, ya ɗaga ƙafa.